Ƙofar da Malam Ya Gani

Daga filin tantuna, bayan ganuwa

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya aikin asibiti, yaya fama da marasa lafiya? Mu dai mun iso lafiya lau, sai ciwon bayan da kujerar jirgin ƙasa ta bar mini, wanda na san ba zai sake ni ba sai na koma kan katifata.

To, ga ni a tanti. Yi dariyarki ki more. Ni da ko a tsakar gida ban yarda in kwana ba, yau yayanki ya kwantar da ni a kan ciyawa da sunan hutu. Wai shi masauki na masu sauri ne, so yake ya buɗe ido da safe ya ga ganuwa. Filin yana gefen kogi, akwai bishiyoyi, famfo guda, banɗaki a can ƙarshe, da wani ɗan ofishin katako inda mai kula da wurin yake wuni yana jin rediyo. Wurinsa ake ajiye wa mutane wasiƙu, sai ki rubuto ta adireshin da na sa a bayan ambulan.

Ni na kafa tantin, kada ya zo ya yi miki ƙarya. Malam ya ɗauki guduma ya kai wa turke duka ya sami ƙasa, ya sake kai wa ya sami ƙasa, na ce kawo nan kafin ka sami ƙafata. Ya ce shi malamin tarihi ne, ba kafinta ba. Shi da igiyar tantin kuwa sun zama abokan gaba, kullum sai ta harɗe shi, kullum sai ya zage ta. Jiya ya zuba mini gishiri a shayi, ya ce laifin gwangwanayen ne da suka yi kama da juna.

Amma Auta, ki zo ki ga yayanki a cikin garin nan! Kin san tun kafin a haife ki yake koyar da tarihinsa, yana zana ganuwar a allo, bai taɓa taka shi ba. Yanzu ya zama yaro. Muna shiga ta ƙaramar ƙofa ya dafa kafaɗata, bai sake ni ba har yamma. Na ce Malam, mutane fa na kallonmu. Ya ce su kalla, matarsa ce. Tsufa ya zo da soyayya, ni dai ban ce a fasa ba.

Mun ga tsohuwar fada, mun ga kasuwa mai rufi, mun haye gadar dutse. Ko'ina muka tsaya sai ya ɗaga sandarsa ya hau bayani: wancan baka na uku na gadar an sake gina shi bayan ambaliya, waccan tagar ta masu gadi ce. Har wasu baƙi suka bar mai yi musu jagora suka biyo mu. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne hasumiya. Akwai rubutu can sama kusa da ƙololuwa, ni da nake zura zare a allura ba tabarau ban ga komai ba sai zane-zane. Malam ya ɗaga kai ya karance shi tsaf, daga farko har ƙarshe. Na ce kai, wannan maganin ɗigawa na Auta ya yi aiki! Yana ɗiga shi safe da yamma, ina tsaye a kansa, kada ki damu.

Babbar ƙofa ce kawai ya hana mu zuwa. Wai ita ce ta ƙarshe, ba a fara cin abinci da nama. Ban manta da ranar aikin idonsa ba, za mu dawo kafin likitan ya iso. Shi dai kullum cewa yake in da hali a ɗaga masa, bai ƙoshi ba. Ni ma yadda nake ganinsa cikin farin ciki, wallahi da za a ƙara mana wata guda da na ƙara haƙuri da ciyawar nan.

Ki gaishe da yara. Ki leƙa gidanmu ki ga ko an ba shukokina ruwa.

Matar yayanki

*

Daga asibiti

Anti,

Wa alaikumus salam. Na sami wasiƙarki, na karanta a ɗakin hutu ina dariya ni kaɗai har abokan aikina suka ce lafiya? Muna nan ƙalau. Ƙaramin ya yi zazzaɓi amma ya warware. Shukokinki suna nan da rai, ban da mai jan fure, ita kam sai haƙuri.

Dafa kafaɗa a tsakiyar kasuwa! Yaya da ko a hoto sai an roƙe shi ya matso kusa da ke? Lallai garin nan akwai wani abu a ruwansa. Ku ɗebo mini a jarka in ba nawa maigidan.

Yanzu ga magana. Likitan ido ya iso da wuri, kuma zamansa ba zai yi tsawo ba, kin san sau ɗaya yake zuwa mana a shekara. Mutane sun yi yawa fiye da kwanakinsa. Ya tara mu ya ce a duba waɗanda magani yake riƙe da su, su jira zuwansa na gaba, a ba waɗanda nasu ya yi tsanani. Akwai wata mata mai goyo da ido ɗaya ya riga ya tafi, ɗayan yana bin sa. Ina tsaye da wasiƙarki a aljihu. Na karanta masa wurin hasumiyar nan, ya ce mutumin da ya karanta rubutu daga wannan nisa ba shi ne abin gaggawa ba. Ga shi kuma ku da kanku kuna son ƙarin lokaci. Sai na ce a ba matar gurbin Yaya.

Don haka ga watanku na ba ku, har da ƙari. Ku sha yawonku, ku ga babbar ƙofa, ku ga ƙanana. Ki gaya wa Yaya Autarsa ta yi masa abin da yake so, tukuicina kuma ba na yafewa. Ya ci gaba da ɗiga magani, kada ya yi wasa.

Taku,
Auta

*

Daga filin tantuna

Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Ban sami amsarki ba har yanzu, amma ba zan iya jira ba. Jikinmu lafiya. Hankalina ne ba lafiya ba.

Yau muka je babbar ƙofa. Malam ya sa fararen kayansa, ya shafa turare kamar mai zuwa ɗaurin aure. Tun a hanya yake ba ni labarinta: ƙyaure biyu na katako, an sassaƙa musu reshen inabi da tsuntsaye, kowane tsuntsu da irin juyin kansa. Na ji wannan labarin ya fi a ƙirga, amma na bar shi ya yi.

Da muka iso sai na ga babu ƙyauren. An cire su an kai gyara. An kafa ƙarafan da magina suke hawa, an toshe bakin ƙofar da kwanon rufi mai launin ƙasa, an bar 'yar hanya a gefe. Tausayinsa ya kama ni. Na juyo zan ce Malam sai haƙuri, sai na ga ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji, yana murmushi.

Ya ɗaga sanda ya nuna kwanon ya ce, "Kin gani? Ga reshen nan ya taso daga ƙasa. Bi shi da ido. Ga tsuntsun farko, wanda ya waiwaya baya."

Auta, kwano ne. Kwanon rufi, da ƙusoshi, da wata takarda da aka manna ta yage. Na tsaya ina jin sa yana lissafa tsuntsaye ɗaya bayan ɗaya. Wani magini a sama ya leƙo yana dariya, na harare shi ya mayar da kansa.

Na ce, "Malam, wane launi ne mayafin da ke jikina?"

Ya ce, "Wace irin tambaya ce wannan a gaban ƙofa irin wannan?"

Na ce, "Ka dai faɗa mini."

Ya juyo ya dube ni, ya daɗe, ya ce, "Shuɗi." Shuɗin na jiya ne. Yau ruwan goro na yafa.

Na ja shi muka zauna a kan wani dutse. Na ce babu ƙofa a wurin nan, Malam, an cire ta. Can ya mayar da hularsa ya ce, "An cire ta?" Shi ke nan abin da ya ce. Da kuka ya yi da ya fi mini sauƙi.

Sai da muka koma tanti na tsare shi. Ashe tun kafin mu taso abin ya ci gaba. Ya ce da farko kamar ta kafar allura yake leƙen duniya, yanzu kafar ma tana cikewa. Rubutun hasumiya da ka ya karanto shi, yana cikin littafin da ya koyar da shi. Fada, gada, tagogi, duk da ka. Dafa kafaɗar da nake ta yi miki fariya da ita, jagora nake yi masa ban sani ba. Ni da nake kwana da shi a tanti ɗaya! Na ga gishiri a shayi na yi dariya.

Na ce don me ka ɓoye? Ya ce da ya faɗa da kin hana shi tafiya, kuma likita da bakinsa ya ce aikin ba shi da tabbas. Ya ji tsoron a kwantar da shi ya tashi babu komai, bai ga garin ba. Na yi masa faɗa, na yi masa faɗan da ban taɓa yi ba tun aurenmu. Ya bar ni na gama, sannan ya ce in miƙo masa maganinsa. Yana gabansa a kan akwati.

Na je gidan waya na kira asibitinku, aka ce kina ɗakin tiyata, aka ce in riƙe, layin ya yanke. Na sake kira ba a ɗauka ba. Don Allah Auta, ki riƙe mana ranar nan da hannu biyu. In ma da hali a matso da ita. Ina haɗa kaya.

Matar yayanki

Ƙari: Na kai wasiƙar nan ofishin filin zan ba da a aika, mai kula da filin ya miƙo mini taki. Na karanta a tsaye. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Auta, wasa nake yi da maganar wata guda, wasa! Na buɗe ambulan na ƙara wannan. Na karanta wa Malam, ya ce to ai shi ke nan, babu sauran sauri, ba inda za shi sai ya gama garin da ɗan abin da ya rage masa. Na roƙe shi, na yi fushi, na yi kuka, ya ƙi. Ba zan iya ɗaukarsa a ka in kai shi tasha ba. Ki yi wani abu.

*

Daga asibiti

Anti,

Ina gaishe ku. Ban san ma yadda zan fara ba. Wasiƙarki ta same ni a bakin aiki, na shiga ɗakin ajiyar magani na rufe ƙofa na yi kuka mai isata. Ni ce ma'aikaciyar jinya. Ni ya kamata in ce a dawo da shi a auna kafin in buɗe bakina. Na ɗauki wasiƙar hira na mayar da ita takardar gwaji.

Matar nan an riga an yi mata aiki, kuma an dace. Ba zan ce na yi nadamar wannan ba, Allah ya gani, amma na kasa kallonta.

Na sami likita na gaya masa komai. Ya yi faɗa, ya ce irin wannan ciwon abin da ya ɗauka ba ya mayarwa, abin da ake yi kawai a tare ragowar, kuma kowane mako yana da muhimmanci. Na bi shi har mota ina roƙo. A ƙarshe ya ce zai ƙara mutum ɗaya a ranarsa ta ƙarshe, Alhamis ta sama, bayan ya gama da kowa. Daga nan jirginsa zai tashi.

Ku taso ranar da wannan ta same ku. Ku bar tantin, ku bar tukwanen, ku bar komai. Ki ce wa Yaya ni Auta na ce in ya ƙi zuwa, kada ya ƙara kirana ƙanwarsa. A'a, kada ki faɗa masa haka. Ki ce ina roƙonsa don darajar iyayenmu. Na nemi izinin zuwa da kaina, an hana ni saboda ni ce mai taimaka wa likita a tiyata. Maigidan kuma yana can wurin aikinsa, sai ƙarshen wata.

Ina jiran ku a tasha.

Auta

*

Daga asibiti

Anti,

Lafiya kuwa? Shiru ya yi yawa. Na samo lambar ofishin filinku da ƙyar na kira, wani mutum ya ɗauka, rediyo na ta ƙara a bayansa, ya ce masu koren tanti sun tashi. Na ce zuwa ina? Ya ce shi ba ya bin mutane. Na ɗauka kuna hanya, na yi murna. Kullum in na tashi aiki sai in tafi tasha in tsaya har jirgin yamma ya sauke mutane ya wuce.

Ranar Alhamis na shirya gado, na shirya kayan aiki, na rubuta sunan Yaya a allo. Likita ya gama da na ƙarshe, ya wanke hannu, ya zauna ya sha shayi, abin da ba ya yi. Na san jira yake yi mini. Da direbansa ya leƙo karo na biyu sai ya tashi ya ce in yi haƙuri.

Na tambayi wani asibitin da ake irin aikin, sun ce layinsu ya kai baɗi. Na sa sunansa duk da haka.

Kuna ina? Ko fushi kike yi da ni? In fushi ne kin yi daidai, amma ki rubuto ko layi ɗaya ne in san kuna raye.

Auta

*

Daga ƙetaren kogi

Auta,

Assalamu alaikum. Muna raye. Ina fatan ke da yara kuna lafiya. Ba fushi nake yi ba, ƙanwata, ban da ƙarfin fushi.

Bayan na aika miki waccan wasiƙar aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, kogi ya hau filin, muka tashi katifa na iyo. Aka kwashe mu duka zuwa wani fili a kan tudu, a ƙetare. Na je na gaya wa mai kula da wurin inda muka koma, na ce in wasiƙa ta zo ya aiko. Ya ce to, idonsa na kan rediyo. Na yi ta jira, da na ji shiru sai na ɗauka ba ki sami yadda za ki yi ba, kina jin nauyin faɗa mini. Ni ma sai na ji nauyin matsa miki. Kin ga yadda kunya ta yi mana.

Jiya na haye gada na koma can neman murfin tukunyata. Mutumin ya gan ni ya ce af, kina da saƙo. Wasiƙunki biyu suna ƙarƙashin rediyon, ya ɗora a kansu don kada iska ta kwashe. Na karanta su a jere a bakin famfo. Na so in ɗaga rediyon nan in rotsa shi da ƙasa. Na ce masa na gode, na tafi.

Na karanta wa Malam duka biyun, ban tsallake komai ba, har wurin da kika ce kada in faɗa. Ya yi dariya a nan, sannan ya daina. Ya ce in gaya miki kada ki ɗora wa kanki, shi ya yi ƙaryar, ni na rubuta ta, ke kika gaskata, kuma a cikinmu ukun shi kaɗai ya san ƙarya ce. Ya tambaya ko matar nan tana ganin jaririnta yanzu. Ki ba shi amsa in mun zo.

Na tambaye shi, da wasiƙar ta zo a kan lokaci, da ka tafi? Ya ce da ya tafi. Ban sani ba ko gaskiya ne, ko don in ji sanyi ya faɗa. Ban ji sanyin ba.

Mun nemi inda aka kai ƙyauren. Wata rumfa ce a bayan gidan tarihi, a kulle. Na roƙi mai gadi ya bar Malam ya shafa su da hannu kawai, ya ce sai da izinin shugaba, shugaba kuma yana hutu. Mun koma har sau nawa, amsar ɗaya ce. Ranar ƙarshe Malam ya tsaya a jikin rumfar ya ce yana jin ƙanshin tsohon katako. Ni fenti kawai na ji, amma na ce e.

Yanzu ya daina yi mini bayani. Ni nake yi masa, kuma ban iya ba. In na ce ga wani dogon gini, sai ya ce dogo yaya, taga nawa, in tsaya ina ƙirgawa kamar 'yar aji ɗaya. Yana bambance rana da inuwa, yana ganin giccin mutum in ya zo dab da shi ta hagu. Safiyar yau ya tambaye ni ko gari ya waye, alhali rana ta riga ta shigo tantin. Ina ɗiga masa maganin har yanzu. Ban san ko yana wani amfani ba, amma ban san abin da zan yi da hannuna ba in na daina.

Na ba wasu ma'aurata matasa tantin. Za mu taso a jirgin Asabar, mu iso da yamma.

Ga saƙon yayanki, ya sa na maimaita masa don kada in canza ko kalma. Ya ce in kin zo tasha kada ki tsaya daga nesa kina ɗaga hannu yadda kika saba. Ki zo kusa, ta hagunsa, ki fara yin magana. Ya ce ba ya so ya wuce Autarsa a gaban mutane bai gaishe ta ba.

Matar yayanki